Hatimin ƙarfe na buga suna a jikin bindiga

Na ba da odar hatimi mai ɗauke da sunana don bindigogin farauta da nake ƙerawa da hannu, kuma aikin ya gamsar da ni. Ƙarfen mai tauri ne, an yanka haruffan a juye, tsayinsu milimita 3, bakinsu da kaifi. A kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe, bugu ɗaya da masaba ya wadatar, sunan ya fito tsaf.

Matsalar tana wajen bututun bindiga zagayayye. Fuskar hatimin a miƙe take, don haka dole a ɗora shi bisa tsawon bututun. In ka gitta shi, haruffan tsakiya ne kawai za su kama. Bututu mai kusurwa takwas ya fi daɗin aiki nesa ba kusa ba. Kuma kada ka sake bugu na biyu, domin ko kaɗan hatimin ya gusa, sunan zai fito da inuwa, abin da ke ɓata mini rai ƙwarai.

Nakan buga ne a gindin bututun, inda ƙarfen ya fi kauri, kafin a rina bututun, sannan in goge tudun gefen haruffan da magagari. Mariƙin hatimin dai ya yi gajarta, yatsu na kusa da masaba.