Daura, Dutsin-Ma ko Hanyar Batagarawa: Kafin Ka Kwashe Iyali Zuwa Garin 'Yan Makaranta

Tun da kuɗin haya ya fara fin ƙarfin albashi a cikin birnin Katsina, shawara ɗaya ake yawan ji a bakin ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa: a koma ƙaramin gari mai babbar makaranta, inda gida ke da rangwame, ga kuma ɗalibai da ba su rabo da sayen abu. Garuruwa biyu ake ambata, Daura da Dutsin-Ma. Ni ina ƙara wuri na uku, wanda kusancinsa ke sa a manta da shi, wato bakin birnin Katsina ta hanyar Dutsin-Ma, wajen Batagarawa. A kan wannan hanya ɗaya akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, da Jami'ar Al-Qalam ta 2005, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Duk wanda bai sa wannan yanki cikin lissafinsa ba, bai gama kwatance ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci, kuma dillali ba zai taɓa fara gaya maka ba, shi ne garin 'yan makaranta fuska biyu gare shi. Je ka tsaya a bakin ƙofar makaranta ana tsakiyar zangon karatu, da misalin ƙarfe biyar na yamma. Mai awara ta kasa zama don ciniki, mai shayi ya jera kwalin indomi har ya kusa kai rufin rumfarsa, shagon fotokofi an yi layi ana jiran a ɗaure kundin kammala karatu, masu POS uku a jere kowa da mutane a gabansa, 'yan acaɓa na ta kai da komo. Ka dawo wannan wuri mako biyu bayan an gama jarabawa. Rabin shagunan da kwaɗo, benci a kife, mai cajin waya yana gyangyaɗi, awaki na yawo inda ake tsayawa jiran abin hawa. Wanda ya yanke shawara a ziyarar farko kaɗai, ya ga rabin gari ne.

Hutu ma da sauƙi, don an san ranar dawowa. Yajin aiki ne ke karya jari. A 2020 malaman jami'o'i sun shafe kusan wata tara ba sa aiki, daga Maris zuwa Disamba, ga kuma kullen korona a kai. A 2022 aka sake, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Mai shagon da ya biya hayar shekara a Janairun 2022 don ya sayar wa ɗalibai abinci, shekarar ta kusa ƙarewa kafin ya ga masu cin abincin. Saboda haka tambayar farko a kan kowane gari ita ce: idan ɗalibai suka watse, me ya rage?

A nan garuruwan suka bambanta ƙwarai.

Daura ta girmi makarantun cikinta nesa ba kusa ba. Masarauta ce mai tarihi, ga fada, ga rijiyar Kusugu, ga Sallar Gani da ke tara jama'a duk shekara, ga kuma iyakar Nijar ta Kongolam kusa, da kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa. Manyan makarantun tarayya na baya-bayan nan ne suka zo. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya an kafa ta a 2019, Jami'ar Sufuri ma a ƙarshen wannan shekarar aka aza harsashinta, kuma har yanzu tana tasowa ne. Kwalejin Yusuf Bala Usman ta jiha ta riga su. Ma'ana, ɗalibai ƙari ne a kan kasuwar Daura, ba su ne ginshiƙinta ba. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: malaman jami'a da na kwalejin fasaha da na kwalejin ilimi kowa da ƙungiyarsa, ba rana ɗaya suke tafiya yajin aiki ba. In ɗaya ta rufe, sau da yawa sauran na karatu. Sai dai Daura tana da nata raunin, wato iyaka. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, duk mai sana'ar da ta jiɓanci tsallake ya ji a jikinsa.

Dutsin-Ma kuwa jami'a ce ta sauya mata kamanni. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ta daɗe a garin, amma zuwan Jami'ar Tarayya a 2011, cikin guda tara da gwamnatin Jonathan ta kafa a lokaci ɗaya, shi ya buɗe sababbin unguwanni da ɗakunan haya. Ɗalibai a nan sun fi tasiri a kan ciniki fiye da Daura, don haka ribar lokacin karatu ta fi kauri, mutuwar kasuwa a lokacin hutu ma ta fi zafi. Abin da ke tallafar garin idan makaranta ta tashi shi ne noma da madatsar ruwa ta Zobe, da kifinta da noman rani na kewayenta. Mai sha'awar haɗa aiki da gona zai fi samun abin yi a nan.

Hanyar Batagarawa ita ce ta fi jure hutu, don bayan ɗalibai akwai birni gaba ɗaya a bayanka. Amma fa sauƙin hayar da ya sa ka tunanin tashi tun farko, a nan ne ya fi ƙaranci.

Maganar haya tana buƙatar a zauna a kanta, don nan ake yawan ruɗar mutane. Gaskiya ne gidan iyali a tsohuwar unguwa cikin Daura ko Dutsin-Ma yakan fi na birnin Katsina araha. Amma kusa da makaranta lissafin juyawa yake yi. Mai gida ya gane cewa in ya yanka gidansa ɗaki-ɗaki, kowanne da banɗakinsa, ya zuba ɗalibai biyu ko uku a ciki, abin da zai tara ya fi wanda magidanci ɗaya zai ba shi. Saboda haka gida mai tsakar gida da zaure, irin wanda mai iyali ke nema, ƙaranci yake yi a wannan ɓangaren, wanda aka samu kuma da tsada. Mai iyali ya nemi cikin gari, ya bar bakin makaranta ga mai shago. Ko ba don kuɗi ba, zaman ɗalibai daban yake da na magidanci. Janareta har tsakar dare a makon jarabawa, kiɗa ranar da aka gama, baƙi na shiga da fita. Ba laifi ba ne, ƙuruciya ce da zaman mutane daga jihohi da al'adu daban-daban, kuma 'ya'yanka za su ƙaru da ganin yara masu ɗaukar karatu da muhimmanci. Sai dai ya kamata uwargida ta je ta ga unguwar da idonta kafin a biya, don ita za ta wuni a ciki.

Ranar duba gida, kar ka tsaya ga fenti. Leƙa rijiya, in akwai, ka tambayi maƙwabci, ba mai gida ba, ko tana ƙafewa a Afrilu da Mayu. In burtsatse ce, waye ke sayen mai ko gyaran sola idan ta tsaya? Tsayar da ɗan ga-ruwa a layin ka ji nawa yake sayar da kura a bazara, don wannan kuɗin wata-wata zai iya cinye duk rangwamen da ka samu a haya. Dubi gindin katanga ko akwai alamar inda ruwa ya kwanta a damina. Tambayi gidaje nawa ke kan taransifoma ɗaya, kuma mita ce ko bil ake kawowa a raba. A rubuta yarjejeniya, a faɗi la'adar dillali tun kafin a shiga mota, a kuma rubuta wanda zai yashe masai. Wannan na ƙarshen ƙaramin abu ne a baki, amma ya sha raba mai gida da ɗan haya.

Tsaro kuwa ba abin da za a yi wa kara ba ne. Dutsin-Ma tana maƙwabtaka da Safana da Ɗanmusa da Kurfi, yankin da ya sha fama da 'yan bindiga shekara da shekaru. A Oktoban 2023 an sace ɗalibai mata biyar na jami'ar daga gidan da suke haya a wajen makaranta. Dubban mutane na zaune a garin suna harkokinsu kullum, kuma yanayi na sauyawa, wani lokaci ya lafa wani lokaci ya taso. Amma darasin a bayyane yake: gidan da ke ƙarshen gari, wanda bayansa gona ce, arahar tasa tana da dalili. Yankin Daura ya fi samun kwanciyar hankali ta wannan fuska, kuma ga mai ƙananan yara ko tsofaffin iyaye, a wurina wannan kaɗai ya isa ya rinjayar da ma'auni. Ko ina ka zaɓa, ka je wajen mai unguwa ka gabatar da kanka, ka ji ko akwai 'yan sintiri, ka kuma tambayi direbobin tasha ƙarfe nawa suke daina lodi. Amsarsu ta fi kowane rahoto gaya maka halin da hanya ke ciki.

Sai kuɗin mota, wanda tun cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zama abin da ake fara lissafawa. Daga Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, zuwa Dutsin-Ma kuma kusan 60. In mahaifiyarka na Katsina kuma ba ka iya yin mako ba ka gaishe ta ba, zuwa da dawowa daga Daura sau huɗu a wata kilomita 640 ke nan, daga Dutsin-Ma 480. Ƙara biki da suna da ta'aziyya, waɗanda ba a sa musu rana da shawararka. Mutane da yawa a nan ribar ƙaurarsu ke zubewa. Daura dai tana da wata ƙofa, hanyar Kazaure zuwa Kano, wadda ke yi wa mai sarin kaya a Kwari ko Singa amfani. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ma ta Daura da Katsina ya bi. Dillalai na amfani da shi wajen ɗaga farashin fili. Kai dai ka biya kuɗin abin da ke ƙasa yau.

Asibiti a taƙaice: duka garuruwan biyu suna da babban asibiti na gwamnati, Daura kuma ta samu ƙarin asibitin sojojin sama a 2019. Amma manyan ƙwararru sun fi taruwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Gidan da ke da mai ciwon ƙoda, ko mai sikila da ke yawan tashi cikin dare, hanyar Batagarawa ta fi musu. Makarantun yara kuwa ba abin damuwa ba ne sosai. Inda malaman jami'a suka zauna, firamare masu kyau da islamiyyu kan biyo su.

Ga mai niyyar gina ɗakunan haya, ina roƙonsa ya yi haƙuri ya fara zama ɗan haya na shekara guda. A cikin shekarar zai ga bazara da damina, zai ga karatu da hutu, zai kuma san ta wace ƙofa ɗalibai ke fita. Wannan na da muhimmanci musamman a Dutsin-Ma, inda jami'ar ke da mazauni a cikin gari da wani babba a waje. Sashe ɗaya in aka ɗauke shi daga nan zuwa can, layin da ke cike bara sai ya koma kufai. Wajen sayen fili, a bambance awon gwamnati da awon igiya. Na igiya ya fi araha, amma sai an bi asalinsa: gonar gado ce? An raba? Duk magada sun yarda, har da mata? A sa mai unguwa da dagaci su shaida, a kuma je ofishin filaye a tabbatar ba ya cikin harabar da aka ware wa makaranta, don makarantun tarayya filinsu kan zarce inda katangarsu ta tsaya.

In aka ce in zaɓa wa mutum, ga yadda nake gani. Ma'aikacin da aka tura aiki ɗaya daga cikin garuruwan, ya tare da iyalinsa a can, don jeka-ka-dawo na kullum zai cinye albashi da lafiya. Mai ritaya da ke neman natsuwa da masallaci kusa, Daura cikin gari. Matashi mai ƙaramin jari, marar iyali, wanda zai sayar da abinci ko ya buɗe shagon kwamfuta, Dutsin-Ma za ta fi ba shi ciniki, da sharaɗin ya ajiye abin da zai riƙe shi wata uku ba a saya ba, ya kuma haɗa da kayan da 'yan gari ke buƙata, kamar garin masara, man girki da cikon gas. Wanda kuwa aikinsa da asibitinsa da danginsa duk suna Katsina, haya ce kawai ta dame shi, ya fara zagaya unguwannin da ke bayan makarantun hanyar Batagarawa. Ya je sau ɗaya ana karatu, ya koma a makon hutu, ya kwana in da hali, sannan ya kira dillali.