Gargaɗi ga masu neman sayen gida a Kano: ku yi hattara da lauyan da dillali ya kawo

Assalamu alaikum. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami kawuna, tsohon ma'aikacin gwamnati wanda ya haɗa kuɗin sallamarsa da na gonar da ya sayar domin ya fita daga gidan haya, kuma na tabbata waɗanda suka cuce shi ba a kansa suka fara ba.

Wani dillali ne ya nuna masa gida a wajejen Naibawa, a farashin da ya yi ƙasa da na ire-irensa a layin, ya ce mai gidan larura ce ta taso masa, kuma akwai wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari da zai kawo kuɗi gobe. Kawu ya ba da kafin alƙalami a ranar. Da ya ce zai nemi lauya, sai dillalin ya ce: "Haba Baba, ai muna da barista, kada ka ɓata kuɗinka." Aka kawo wani mutum da kwat da takardar ciniki a buge, aka nuna kwafin satifiket, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, aka ce na ainihin yana hannun yayan mai gidan a Kaduna. Kawu ya biya, ya sa hannu, har ya fara gyara, sai ga sammaci daga kotun shari'ar Musulunci. Ashe gidan gado ne da ba a raba ba, wanda ya sayar kuwa ɗaya ne daga cikin magada, a cikinsu har da marayu ƙanana.

A ganina, duk wannan damfara a kan wancan baristan ta tsayu. Lauyan mai saye aikinsa shi ne ya yi shakka a madadin wanda ya ɗauke shi, ya je ma'aikatar ƙasa da hukumar KANGIS mai adana bayanan filayen jihar Kano ya duba fayil ɗin filin, ya ga sunan da ke kai, ya gano ko an jinginar da takardar a banki, sannan ya tuntuɓi hukumar KNUPDA mai kula da tsara birane a jihar ko ginin ya hau hanya ko magudanar ruwa. Wanda dillali ya kawo, alhali la'adar dillalin ba ta fitowa sai an ƙulla ciniki, ba zai tono abin da zai ɓata cinikin ba, ko da lauyan gaske ne. Na kawu ma ba lauya ba ne, domin da muka bincika ba a sami sunansa ba. Kowane lauya a Najeriya sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli tare da lambarsa, kuma takardar da ya tsara tana ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya mai sunansa, don haka ba rashin kunya ba ne ka nemi lambar ka kai reshen ƙungiyar na Kano a tabbatar maka.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su kula da shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, sashe na 22 ya hana mai satifiket ya sayar ko ya jinginar ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Sa hannun mai unguwa yana da amfani ƙwarai, musamman a gidajen cikin badala da ba su da satifiket, inda shi da maƙwabta suka san asalin kowane gida, amma ba ya maye gurbin wannan amincewa. Idan kuwa gidan gado ne, a nemi takardar rabon gado daga kotu, a ga magada ido da ido, har da matan da ke gidajen aurensu, domin su aka fi dannewa. A mazhabar Malikiyya ma, abokan tarayya a gidan da ba a raba ba suna da haƙƙin shufa'a, wato su mayar wa baƙo kuɗinsa su karɓi kason da ya saya.

Kada a biya a kan kwafi, kuma kada a ba da tsabar kuɗi. A tura ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda, bayan lauyanka ya kawo sakamakon bincike a rubuce.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, kuma dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Sai dai wanda ya karɓi kuɗin ya gudu, wayar baristan a kashe take, kawu yana nan a gidan haya. Dillalin kuwa ya ce shi ma yaudararsa aka yi, an ba da belinsa, kuma a makon jiya an gan shi yana nuna wa wata baiwar Allah wani gidan.