Nigeria Learning Passport: abin da na gani bayan wata huɗu ina amfani da ita

Jama'a assalamu alaikum, tuntuni nake son in yi maganar manhajar karatun nan ta waya, wato Nigeria Learning Passport, sai yau Allah Ya nufa. Ni malama ce a firamare, aji huɗu nake riƙewa, kuma yarana uku a gida duk 'yan makaranta, to abin da zan faɗa ganau ce ni ba jiyau ba.

Kuɗin littattafai ne ya kai ni gare ta wallahi. Duk farkon shekara sai an turo mana lis mai tsawo kuma yawanci irin littafin nan ne da yaro ke rubuta amsa a ciki, kenan in yayan ya gama ƙanin ba zai mora ba sai dai a sake saye. A ajina kuwa yara sun haura saba'in, littafin lissafi ɗaya mutum biyar ko shida ke leƙawa, na gefe ba ya ma ganin komai sai dai ya ji ana karantawa.

Ita wannan manhaja ma'aikatar ilimi ta tarayya ce ta kawo ta tare da UNICEF da Microsoft, a watan Maris na 2022 aka ƙaddamar da ita, bayan wahalar da muka sha a 2020 lokacin korona da aka rufe makarantu yara suka koma jiran darasi a rediyo. Kyauta ce, a Play Store na sauke na yi rajista shikenan, kuma da layin Airtel nake shiga ba ta ci min data, wannan kam ya taimaka sosai don da ana cirewa da tuni na haƙura.

Darussan sun bi silabos ɗinmu na firamare da sakandare, akwai bidiyo akwai na karantawa akwai 'yan tambayoyi na gwaji. Amma abin da ya fi shiga raina shi ne ba Turanci kaɗai ba ne, akwai Hausa da Yarbanci da Ibo. Autata tana aji biyu, yarinya ce mai kunya ko ba ta gane ba ba za ta taɓa ɗaga hannu ba, malamarta har ta fara zaton ko kanta ne ba ya ja, ashe Turancin ne ke tsaya mata a wuya, ranar da ta ji bayani da harshen da take ji sai ga ta tana ba da amsa tun kafin a gama tambayar, ni kaina sai da na ji ƙwalla. Kuma bidiyo ba ya gajiya ba ya tsawa, sau biyar za ta maimaita abu ɗaya babu wanda zai yi mata dariya. Ni da nake gaban yara saba'in ina zan samu wannan lokacin? Har ni ma ina ƙaruwa, da daddare nakan kalli darasin da zan koyar gobe in ga yadda wani ya bi da shi.

To amma fa masu cewa waya za ta maye gurbin littafi, ban yarda ba ko kaɗan. Wayata ɗaya ce, yara uku, ana cikin darasi kira zai shigo, ko in juya baya in tarar babban ya zame ya koma kallon ƙwallo. Ga wuta, akwai satin da muka yi kwana uku ba a kawo ba sai shagon caji nake aikawa, littafi kuwa ko da fitilar hannu yaro zai buɗe abinsa. Sannan hannu sai da rubutu yake faɗawa, na lura in sun daɗe suna latse-latse rubutunsu na lalacewa, shi ya sa na sa doka duk darasin da aka kalla sai an kwafe shi a littafin rubutu na duba da jan biro. Yawancin ɗalibaina ma gidajensu ƙaramar waya ce mai madannai, su wannan alherin bai kai gare su ba sam, kuma abin na damuna. Jihar Osun tun 2013 ta raba wa 'yan babbar sakandare ƙananan kwamfutocin hannu da ake kira Opon Imo da littattafai a ciki, da za a samu ko guda goma irinsu a kowace makarantarmu da sola ta caji da an ga canji, tunda JAMB ma yanzu a kwamfuta ake zana ta.

Iyaye ku sauke ta ku gwada, amma ku zauna kusa da yaron kar ku miƙa masa waya ku shige kicin. Mu a gidanmu bayan magariba ne, kowa minti ashirin, auta ce ke farawa kafin barci ya ɗauke ta.