Kit ko sabuwar masta? Abin da na gani a birkin Corolla ɗina

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2006. Matsalar a hankali ta soma. Ina tsaye a go-sulo a titin Zariya, ƙafata a kan birki, sai na ji fedar tana sulalewa ƙasa kaɗan-kaɗan. In na saki na sake bugawa sau biyu, sai ta yi tauri. Na leƙa ƙarƙashin mota, babu ɗigon mai. Na buɗe bonet, man birki yana nan a layinsa.

Bakaniken farko ya ce masta ce, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi in an taka fedar, kuma gaskiyarsa. A cikinta fistan biyu ne, kowanne da robarsa, kowanne yana tura mai zuwa taya biyu. In roba ta cinye, sai man ya zille ta gefenta ya koma tanki maimakon ya matse taya. Shi ya sa ba a ganin yoyo a waje. Ya ce a sa kit, wato a sauya fistan da robobi a bar gangar yadda take. Kuɗin kaɗan ne, aikin bai kai awa biyu ba, na amince.

Sati bakwai ya yi. Ranar da fedar ta sake nutsewa, yara uku ne a bayan mota, na ɗauko su daga Islamiyya. Allah ya kiyaye, tafiyar a hankali nake yi, amma har na isa gida gabana yana faɗuwa.

Wani maƙwabcina ya haɗa ni da wani dattijo wanda birki kaɗai yake yi, kuma aikinsa ne ya sa na zauna rubuta wannan. Da ya kwance mastar bai ce mini komai ba, sai da ya wanke ta, ya haska cikin gangar da tocila.

"Alhaji, sa yatsanka ka ji."

Na sa. Ƙananan ramuka ne kamar zanzana.

"Baba, me ya kawo wannan?"

"Ruwa. Yaushe rabonka da sauya man birki?"

Ban taɓa ba, ƙari kawai ake yi mini. Ya tsiyayo tsohon man a roba, baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana. Man birki yana zuƙar danshi daga iska, ruwan kuma ya zauna ya ci ƙarfe. Sabuwar roba ta hau kan wannan kaushi, dole ta yage. Ashe kit ɗin ba shi da laifi, gangar ce ba a duba ba. Akwai kuma wani haɗarin: sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun daga wajen 140. Wannan ne ke sa birki ya ɓace a doguwar gangara. Masu zuba ruwan sabulu a tankin birki don a lallaɓa, su ji tsoron Allah, da rayukan mutane suke wasa.

Ya ba ni zaɓi, Beljiyam ko sabuwa. Ita Beljiyam ba ka san abin da ke cikinta ba sai ka kwance, ni kuma na gaji da gwaji. Muka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano tare, ya zaɓo sabuwa ta Aisin. Ta ninka kuɗin kit sau da yawa, na ji a aljihu.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai ɗaura ta kai tsaye ba. Sai da ya matse ta a kan teburi, ya cika tankin da mai daga sabuwar kwalba mai hatimi, ya riƙa tura fistan a hankali har kumfa ta daina fitowa. Ya leƙa cikin sabo, wato tulun da ke bayan masta mai ƙara wa birki ƙarfi, ya ga ko tsohuwar mastar ta zubar da mai a ciki, ya tarar a bushe. Bayan ya ɗaura, ya sa yaronsa a kujerar direba, shi kuma yana bin tayoyin ɗaya bayan ɗaya, daga ta baya mafi nisa: "Buga! Riƙe! Saki!" Bai bar kowace taya ba sai da mai garau ya fito.

Ƙorafina biyu ne. Yini guda na yi a garejin, don ba ya sauri kuma ba ya son a matsa masa. Sannan yaron ya ɗiga mai a jikin mota, ga shi man birki yana cin fenti. An wanke da ruwa nan take, amma da tun farko an shimfiɗa tsumma.

Wanda gangarsa take sumul, ya sa kit mai kyau, ba ni da ja. Amma ya tsaya a kwance a gabansa, ya sa yatsa da kansa.

Yau wata huɗu ke nan. Na je Kaduna na dawo sau biyu, kuma kowace safiya kafin in fita nakan danne fedar in riƙe na ɗan lokaci. Tana nan inda na tsayar da ita.