Tsohuwar Hilux ko Jimny: wacce za a gyara don shiga daji?

Masu son haɗa motar daji da kuɗi kaɗan sun sha tambayata: Toyota Hilux ko Suzuki Jimny?

Jimny ƙirar 1998 zuwa 2018 ta fi araha, ga ƙarancin shan mai. Nauyinta tan ɗaya da ɗoriya ne, ba ta saurin kafewa a yashi. Amma injinta ƙarami ne, girmansa yawanci lita 1.3: manyan tayoyi na cinye ƙarfinta, kuma in ka ƙara mata tsayi daga ƙasa da yawa kifewa ba wuya. Wannan batun rai ne.

Hilux akwai tsada, amma tana ɗaukar kaya, kayan gyaranta a wadace suke, kuma darajarta ba ta saurin faɗuwa.

Mai bin matsattsiyar hanya shi kaɗai, Jimny ta ishe shi. Mai doguwar tafiya da kaya, ya daure ya tara kuɗin Hilux.