Hattara da mai sayar da kayan gwajin ruwan tankin murjani ta WhatsApp

Naira 85,000. Kwali huɗu: alkaliniti, kalsiyam, magnesiyam da amoniya. Naira 85,000 a kan kayan da suka daɗe da lalacewa! Kuma har yanzu mutumin nan yana tallata su ga masu kiwon kifin teku, wai sabon kaya ne daga Turai.

Kada wani ya ce garaje aka yi. An tambaye shi ranar ƙarewar aikinsu, ya turo hoton kwali, ya rantse da Allah ko mako biyu ba su yi da sauka ba. Rantsuwar nan ce ke ta yi min yawo a kai. Wa zai zaci sitika ce ya liƙa a kan tsohuwar ranar? Hotunan hirar da rasit duk suna nan, zan saka su.

Ku duba ɓarnar. A gwajin alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na kashe asid, ruwan tanki ml 4 ake ɗiba, a sa ɗigon mai launi, sannan a riƙa ɗiga sinadarin sirinjin ml 1 har launi ya juya daga shuɗi zuwa ruwan hoda. Sinadarin nan asid ne. In an sirka shi da ruwa, sai ya ci ɗigo da yawa kafin launi ya juya, lissafi ya haura. Tankin da ke kan 6 dKH (ma'aunin alkaliniti) ya nuna maka 9, kai kuma ka daina zuba ƙarin da ke ɗaga alkaliniti tunda 8 zuwa 9 ake nema, murjanin Acropora ya fara saɓule tsoka daga gindi, sai farin ƙashi. In kuwa kwalbar ta sha iska ta kafe, ƙasa zai nuna, ka yi ta zuba ƙari har kawunan murjanin su ƙone.

Na amoniya ma tun kafin wannan ya kamata ya tona shi. Irin mai sinadarin Nessler ne, na ruwan daɗi. Yana haɗuwa da ruwan gishiri ya yi fari kamar madara, saboda kalsiyam da magnesiyam. Mai sinadarin salisilet ake amfani da shi a ruwan teku, kuma mutumin ya sani sarai. Ya rantse fa!

Magnesiyam ne ya fasa ƙwan. Sabon ruwa, gishiri 35 ppt (kashi 35 cikin dubu) daidai, ya kamata ya ba da magnesiyam 1250 zuwa 1350 ppm (kashi cikin miliyan), kalsiyam 400 zuwa 450. Nasa 900 ya nuna, har sau uku. Da aka yi masa magana sai ya rufe layi. Naira 85,000, ban da kuɗin mota.

Ku kankare sitika da farce kafin ku biya. Kowane sabon kwali, ku fara gwada shi da ruwan da aka riga aka san adadinsa, kafin ku zuba komai a tanki.