Hattara masu Hilux da tarakta: yashi ake ɗura muku a taya da sunan "ƙwayar balans"

Jama'ar Ringim, Taura, Gujungu har zuwa Gumel da Maigatari, musamman masu motocin shiga fadama da direbobinsu, a buɗe ido. Akwai wani mutum da ke bin kasuwannin mako da wasu 'yan ledoji a bayan mota, yana cewa "ƙwayar balans" ce daga waje. Wai in an zuba ta cikin taya, mota ta daina rawar sitiyari har abada, kuma ba kai ba zuwa Kano wil balansin, wato daidaita nauyin taya. Ni ya ci kuɗina, ya kuma kashe mini tayoyi biyu, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ina da tsohuwar Hilux da muke fito da shanshera da kayan lambu daga fadama. Tayoyinta manya ne masu manyan haƙora, irin na shiga taɓo. Duk mai irin wannan taya ya san halinta: a cikin laka sarauniya ce, amma da ka hau kwalta ka ɗan taka, sai sitiyari ya kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Ka kai ta a buga mata dalma a bakin rim, sati biyu ka shiga gona, taɓo ko kututture ya ɓalle dalmar, ka koma gidan jiya. A wannan hali muke direbana ya haɗu da mutumin ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, ya kira ni a waya yana zumuɗi: "Alhaji, an samu maganin rawar nan, naira 8,000 kowace taya, kuma a nan take zai zuba." Na ce a zuba a na gaba biyu mu gani.

Abin da ya sa damfarar take shiga mutane shi ne, dabarar kanta ba ƙarya ba ce. Akwai ƙwayoyin gaskiya da ake yi da tangaran ko gilashi mai ƙarfi, ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba, mulmulallu sumul. Masu manyan motoci a Amurka da Kanada sun daɗe suna zuba su a taya maimakon dalma. Babu tayar da nauyinta yake daidai ta ko'ina, dole wani gefe ya ɗan rinjayi wani. Idan tana juyawa da gudu, gefen nan mai nauyi shi ke fizgar ƙafar motar sama da ƙasa. Su kuwa ƙwayoyin gudu ne yake manna su a jikin bangon taya ta ciki, kamar yadda ruwa ba ya zubewa daga guga in ka wulwula shi da ƙarfi. Duk fizgar da tayar ta yi, sai su ɗan gangara zuwa ɓangaren da ke daura da mai nauyin, har girgizar ta lafa. Ka tsaya, su zubo ƙasa. Ka tashi, su sake jeruwa. Shi ya sa ko taɓo ya manne a rim suna iya ɗan rage matsalar, abin da dalma ba ta yi. Amma fa sai sun kasance mulmulallu, busassu, masu gangarawa ba tare da sun manne da juna ba. In ɗaya ya ɓace cikin ukun nan, to ka zuba wa tayarka shara ne kawai.

Da motar ta dawo na tuƙa ta da kaina daga Gujungu zuwa Ringim, kuma wallahi rawar ta ragu. Har na fara lissafin zuba wa na baya. Sai daga bisani direban yake ba ni labarin yadda aka yi aikin: mutumin ya sa an kwance tayoyin, yaronsa ya ɗauki ƙarfe ya kankare busasshen taɓon da ya daskare a cikin rim, wanda ya fi cikin kwano, sannan aka buga iska daidai da geji. To ai wannan kaɗai ya isa ya rage rawar. Mu kuwa muka ba wa leda lada.

Kwana goma sha biyu aka yi, taya ta dama ta fara saukewa a hankali. A buga da safe, kafin la'asar ta yi laushi. Rawar kuma ta dawo fiye da da, har madubi ba ya nuna komai. Muka kai wa mai facin garinmu, dattijo ne da ya tsufa a sana'ar. Ya shafa yawu a bakin bawul, sai ga kumfa tana tashi. Ya kwance ƙwayar bawul ɗin ya busa, ƙura ta fito. Da ya raba tayar da rim ya zura hannu ciki, sai ya ciro wani dunƙule baƙi ƙirin, ya kai girman curin fura, ya miƙo mini ya ce, "Alhaji, ga balans ɗinka." Na murtsuke shi a tafin hannu: yashin rafi ne da aka tankaɗe, da 'yar tsakuwa, da ragowar farin fenti. Baƙin kuwa garin roba ne. Ya haska mini cikin tayar da fitilar waya, shimfiɗar nan mai santsi da ke riƙe iska a tubles, wato taya marar tub, duk ta goge, kamar an bi ta da sanfefa. A wani wurin har zare ya fara leƙowa. Ta hagun ma haka. Ya ce ruwan sabulun da aka shafa wajen mayar da tayar, da danshin da injin buga iska ke turowa, su suka kwaɓa yashin ya dunƙule waje ɗaya. Kenan nauyin da aka ce zai raba kansa ya zama dutse guda yana dukan taya a kowane juyi.

Ya ce, "Da kun kawo mini ledar tun kafin a zuba, da faranti kaɗai zan tona masa asiri." Kuma gaskiya ne. Zuba kaɗan a kan farantin silba ka karkata shi. Na gaskiya gudu suke kamar 'ya'yan boris, da ƙyar ka tare su, yashi kuwa zama yake ko ya zame a tare. Murza a tsakanin yatsu, in ya karce ka ko ya bar maka fari a hannu, ajiye masa kayansa. Zuba a kofin gilashi da ruwa ka kaɗa, na gaskiya ba sa gurɓata ruwa. Sannan ka tambaye shi giram nawa tayarka take buƙata. Masu yin na gaskiya da awo suke sayarwa, gwargwadon girman taya, kusan giram 28 ga kowane kilo 6 na nauyinta, manyan tayoyin taɓo ma sukan ci fiye da haka. Shi kuwa leda ɗaya ce ga kowa, Hilux ko tifa. Na gaskiya kuma sukan zo da ƙwayar bawul mai 'yar matata da ke hana su toshe hanyar iska. Nasa babu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da na ji yana sayar wa masu tarakta. Ko na gaskiyar ne, ƙwayoyin ba sa fara aiki sai mota ta kai gudun kilomita 40 zuwa 50 a awa. Taraktar da ke huɗa tana tafiya kamar saniya, ina ta ga wannan gudun? Wasu ma da ruwa suke cika tayar bayan don ta ƙara nauyi. Ka zuba yashi a cikin wannan, ai ka kwaɓa kunu ne. Haka yake gaya wa mutane yana maganin ja da mota ke yi gefe guda da cin taya ta ɓari ɗaya. Ƙarya ce. Wannan aikin alaimen ne, wato saita ƙafafun mota, ko tayarod da boljoyin, ƙarafan da ke riƙe ƙafar mota, da suka mutu. Rim da ya lanƙwashe ko tayar da ta yi ƙari a gefe, babu ƙwayar da za ta miƙe su.

Lambar da ya ba direbana tun ranar ba ta sake shiga ba. Ledar ba adireshi, sai hoton wata ƙatuwar mota a kan dutse da rubutun Turanci da ya kokkoɗe. Na kai maganar wurin shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW na tasharmu, sun ce za su sanar da sauran tashoshi, kuma wani direba ya ce ya ga mai irin wannan haja ranar Juma'a a Wudil. Wanda ya riga ya zuba, kada ya jira taya ta fara saukewa, ya je a buɗe a zazzage, a goge cikin da busasshen tsumma, a canza ƙwayar bawul. In zare ya fito, kada a ɗora mata lodi a hau kwalta, ta gama aiki.

Dunƙulen nan yana nan wurin mai facin cikin gwangwanin madara, a kan bencinsa. Direban da yake son ya gani da idonsa ya biya ta can, zai zazzage masa a hannu.